Kiran Mai Kwale-kwale

Shekarun baya kaɗan, ina ajin farko na sakandare, sallar azumi ta faɗo mana a tsakiyar damina, kawuna ya zo daga birnin Damazin da wata tsaraba da ta kusa raba ni da hankalina. Ba na yawan ba da labarin nan da baki, don duk lokacin da na fara sai ƙanwata ta riga ni da dariya. A rubuce dai ba ta da yadda za ta katse ni.

Ƙauyenmu yana bakin kogi ne, ta ɓangaren yamma. Bayanmu hawasha, wato gonakin auduga da dawa da ake ba ruwa ta magudana, gabanmu kuma kogi da 'yan lambunan da muke yi a gaɓarsa. A gidanmu ni ce wadda ake mantawa tana cikin ɗaki. In baƙi suka zo na fi sanin takalmansu a kan fuskokinsu. Na san wanda yake take bayan takalminsa, na san wadda ta ɗinke silifas ɗinta da zaren buhu, amma in aka ce in gaishe su sai in kasa.

Mahaifiyata ce ta yi wa kawuna ƙorafi cewa Turanci yana ja mini baya a makaranta. Larabci ba matsala, da shi muke karatu, Hausa kuma ta gida ce. Turanci ne nake kallo kamar bangon da ba ƙofa. Shi ne ya kawo mini tsohuwar wayarsa, ba layi a ciki, gilashinta ya tsage ta kusurwa ɗaya, sai zakira, wato katin ajiya, da ya cika da laccoci. Ya ce wata jami'a ce a ƙetaren teku take ɗora karatunta a intanet kyauta, duk mai so ya ɗauka. Ya zaɓo mini na labarai don ya ga sun fi na lissafi sauƙin haɗiya. Ya ce intanet ɗin ofishinsu yana ta yankewa, abin da ya samu ke nan, ko ban gane ba in bar kunnena ya saba.

Da na fara saurare sai mamaki ya kama ni. Wani malami ne mai murya kamar ta wanda bai daɗe da tashi daga barci ba, yana koyar da tsofaffin littattafan ƙasarsu, irin masu dodanni da sarakunan aljanu da takubba masu suna da dazuzzukan da suke magana. Na kasa yarda cewa manyan mutane suna zama a jami'a suna nazarin irin abin da kakata take ba mu a kan gadon igiya bayan isha'i. Kashi ɗaya cikin uku nake ganewa, in na yi wa kaina adalci, sauran kuma in cike da tunanina. Amma na san ajin nan kamar na taɓa zama cikinsa. Na san lokacin da malamin yake kurɓar ruwa, na san wata kujera da take ƙara a hagunsa, da wani ɗalibi mai tari, da wata ɗaliba da ba ta barin lacca ta ƙare ba ta yi tambaya ba. Ita nake sha'awa. Ina mamakin yadda mutum zai ɗaga murya a cikin taro haka ƙasa ba ta tsage ba.

Abin sawa a kunnen da ya haɗo mini da wayar, ɓangare ɗaya ne yake aiki. Don haka kullum kunnena na dama yana jami'a, na hagu yana ƙauyenmu. Bayan an tashi daga makaranta aikina shi ne in je lambunmu na bakin kogi in kori awaki daga kuɓewa, kuma a nan nake saurare. Ƙanwata, autar gidanmu, lokacin ba ta kai shiga makaranta ba, takan bi ni ta zauna tana gina gidajen laka. Duk abin da malamin ya faɗa a hankali sai in maimaita, don malamarmu ta ce harshe ba ya sabawa sai an motsa shi. A bakin kogi ba mai ji na sai awaki, a nan kaɗai nake da baki.

Wata rana malamin ya karanta wasu 'yan layuka cikin tsohon harshensu, wanda su kansu ɗalibansa ba sa ji sai an fassara musu. Ya karanta a hankali, ya ce su maimaita bayansa don su ji yadda kalmomin suke tafiya kamar bugun ruwa a jikin katako. Suka maimaita suna dariya. Ni ma na maimaita. Kalmomin sun yi mini daɗi a baki, suna da nauyi, suna ƙarewa da wani sauti mai ja kamar ana kiran wani daga nesa. Kafin mako ya zagayo na haddace su. Nakan tsaya ina fuskantar kogi in yi ta rera su, har ƙanwata ta kama kalmar ƙarshe, in na zo wurin sai ta ja ta tare da ni tana tafa hannu da laka.

Sai a lacca ta gaba ya ba da labarin da layukan suka fito daga ciki. Na saurare ta sau da yawa da ɗan ƙamus a cinyata kafin na haɗa kanta. Wata budurwa ce ɗan'uwanta ya ɓata a wani tsibiri da ke bayan farin tururin teku, inda ba jirgin da yake zuwa. Ta samu waɗannan layuka a jikin wani dutse. Duk wanda ya tsaya a bakin ruwa ya furta su, wani mai kwale-kwale zai fito daga cikin tururin, fuskarsa a rufe, ba ya magana, ya kai ka duk inda kake so. Ba ya faɗin ladansa sai an dawo. Ta furta su, ya zo ya kai ta, ta ɗauko ɗan'uwanta, suka dawo lafiya. Da suka iso gaɓa, mutanen gidan sun fito tarya, sai ya miƙo hannuwansa biyu wajen wadda ta fi kowa ƙanƙanta a gidan.

A nan malamin ya ce lokaci ya yi, sai mako mai zuwa. Na ji kujerar nan ta yi ƙara, na ji ɗalibai suna tattara takardu. Na danna ta gaba, babu. Nan zakirar ta ƙare.

Na ɗago na dubi kogi, na dubi ƙanwata tana liƙa wa gidan lakarta ƙofa da ɓawon rake. Na yi ƙoƙarin yi wa kaina dariya. Na ce labari ne, na Nasara ma, mutanen da ba su san sunan ƙauyenmu ba. Na yi a'uzubillahi, na karanta duk abin da na sani na tsari. Amma wata zuciyar tana ce mini: budurwar nan sau ɗaya ta kira, ke kuwa kwana nawa kika yi kina tsaye a bakin ruwa kina kira? Ta kuma ce, ita an kai ta wani wuri kafin a karɓi lada, ke da kika tashe shi a banza fa? Daga ranar na daina kai ƙanwata lambu. In ta yi kuka za ta bi ni sai in ba ta alewa in gudu.

Ba a yi kwanaki da yawa ba zazzaɓi ya kama ta.

Yanzu na san cewa duk damina haka ake yi a garinmu. Ruwa ya kwanta a ko'ina, sauro ya yi yawa, gida-gida ana kwance. Ko a lokacin ma na sani, sai dai sanin yana can wani ɗaki, tsoro kuma yana zaune a kan ƙirjina. Ma'aikacin lafiya na ƙauyenmu ya ba ta magani, ta yi ta amayar da shi. Ga shi an yi wani ruwa mai iska da ya kayar da turakun wuta, wayoyin mutane duk suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har da tawa. Na zauna a bakin gadonta ina kora mata ƙuda, ina kallon yadda leɓenta ya bushe ya yi fari a gefe, da yadda ɗan kunnenta na hagu ya karkace ba wanda ya lura ya gyara. Rana ta biyu da la'asar ta fara sambatu. Mahaifiyata ta sunkuya ta saurara, ta ce ba Hausa ba ce, ba kuma Larabci ba, zafin zazzaɓi ne kawai. Ni na ji abin da take faɗa. Kalmar ƙarshen nan ce, tana jan ta a hankali yadda muke yi a bakin kogi.

Na fita bayan ɗaki na tsuguna. Na so in faɗa wa mahaifiyata, na tsara maganar a raina, amma ta ina zan fara? In ce na kira wani aljanin Nasara da waya? Ko a ce na haukace, ko a ce na yi shirka, kuma duka biyun na ji tsoronsu. Sai na yi abin da na fi iyawa, na yi shiru.

Da asuba jikinta ya fara jijjiga. Ma'aikacin lafiyan ya zo da gudu, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta asibitin garin Rufa'a a sa mata ruwa, kuma kada a tsaya jiran komai. Hanyar da take kai mu kwalta ta zama kunu, ko tarakta ta maƙale a cikinta tun shekaranjiya. Mahaifina ya ce ba wata hanya sai ta ruwa: a haye da kwale-kwale, a can gaɓar gabas ƙasa ta fi tauri, akwai motocin boksi, wato a-kori-kura, da suke shiga gari.

Da na ji ya ce kwale-kwale sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya.

Mai kwale-kwalen mashigarmu wani dattijo ne da bai daɗe da zuwa garin ba. An ce daga can saman kogi ya gangaro, wajen Dinder, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a wata bukka kusa da mashiga. Ban taɓa jin muryarsa ba. Muka gangara, mahaifiyata ta naɗe ƙanwata cikin mayafinta, mahaifina a gaba, ni da kakata a baya. Ruwan sama ya ɗauke cikin dare, kogi ya cika ya yi ja yana tafe da itatuwa, kuma a kansa akwai wani farin tururi kwance, har ba a ganin ɗaya gaɓar. Ban taɓa ganin kogi haka ba, ko kuma ban taɓa fitowa a irin wannan lokacin ba. Daga cikin tururin kwale-kwalen ya matso. Mutumin yana tsaye da gora a hannu, ya naɗe kansa da fuskarsa da wani tsohon mayafi, idanu kawai ake gani. Bai yi sallama ba, ya ɗaga hannu kurum. Mahaifina ya shiga. Mahaifiyata ta zo shiga, laka tana zame mata, sai mutumin ya ajiye gorar ya miƙo hannuwansa biyu, ta ɗora masa ƙanwata.

Ban san lokacin da na isa wurin turken da ake ɗaure kwale-kwalen ba. Mahaifina ya riga ya kwance igiyar, na cafke ta na naɗe a wuyan hannuna, na dasa ƙafafuna cikin laka. Kwale-kwalen ya ja, igiyar ta miƙe, ta tsaya.

Mahaifina ya juyo. Tun da nake ban taɓa yi masa musu ba.

"Ya bit, ke yarinya, saki igiyar nan."

Na girgiza kai. Ya sake faɗa da Larabci, ya ƙara da Hausa, muryarsa tana hawa. Na ƙara ƙanƙame igiyar. Ina ganin tafin ƙafar ƙanwata ya leƙo daga cikin mayafi, da ɗan lallen salla da bai gama gogewa ba. Mahaifiyata ba ta yi tsawa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Don Allah ki bar mu mu tafi, 'yar'uwarki ce fa."

Kakata ce ta zo ta bayana. Ta kama yatsuna tana buɗe su ɗaya-ɗaya kamar mai ɓare wake, ta warware igiyar daga hannuna ta jefa cikin kwale-kwalen. Injin kwale-kwalen ya tashi. Kafin in share ido tururin ya haɗiye su, sai ƙarar injin, ita ma ta yi ta raguwa har ta ɓace. Igiyar ta bar mini jan zobe a wuyan hannu, fatar ta ɗaye a wuri ɗaya. Yanzu tsorona ya zama biyu: na kira shi ya zo ya ɗauke ta, in kuma ba haka ba ne, to na tsayar da mara lafiya a bakin ruwa lokacin da aka ce kada a jira komai.

Kakata jikar waɗanda suka taso daga Sakkwato da ƙafa ce, kuma har yau Hausarta ta can ce, ba ta yarda Larabci ya shiga mata baki sai in za ta yi ciniki. Ta kai ni gida ba ta tambaye ni komai ba. Ta zaunar da ni a rumfa, ta turo mini faifan dawa ta ce in tsince. Sai da rana ta ɗaga, ta ga tsakuwar nake mayarwa cikin dawa ina zubar da ƙwayar, sannan ta karɓe faifan.

"To, mai shirun tsiya. Mi kinka yi?"

Na faɗa mata a guntule, ina kallon yatsun ƙafarta. Na ce akwai wasu kalmomi a cikin karatun da kawu ya kawo, na kira mai kwale-kwale da su ban sani ba, kuma shi autar gida yake ɗauka. Na jira ta yi salati. Sai ta ce zazzaɓin sauro ne, ta lissafa mini gidajen unguwarmu da ake kwance, ta ce su ma duk ni na kira musu? Ta ce rai a hannun Allah yake, ba a bakin 'yar da ko sallama ba ta iya ɗagawa ba. Na gyaɗa kai, amma ta ga maganar ba ta shige ni ba. Sannan ta tambaya yadda labarin ya ƙare. Na ce ban sani ba, a tsakiya ya yanke.

"Au, ba a rufe ta ba?" Ta gyara zama. "Kuma da rana tsaka kike sauraren ta? To ai dole ta bi ki. Tatsuniya ce, ɗiyar nan. Ba a yin ta da rana, ba a kuma barin ta buɗe a tashi."

Na fara ba ta labarin nan take, ta ɗaga mini hannu. Ta ce sai rana ta faɗi.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ba waya, ba labari daga Rufa'a. Duk wanda ya wuce ta ƙofar gida sai in saurari takunsa, in ji ko irin na mai kawo mugun labari ne. Maƙwabta suna shigowa suna tambaya, kakata tana cewa sai dai addu'a. Na lura ita ma ba ta ci komai ba, kuma carbinta bai bar hannunta ba, amma in ta ga ina kallonta sai ta ce in tashi in ba awaki ruwa.

Bayan mun yi isha'i ta kunna fitilar ƙwai, ta sa hayaƙi saboda sauro, ta hau gadonta ta ce in zauna a gefen ƙafafunta. Ta ce yau ni ce mai tatsuniya, in buɗe ta yadda ake buɗewa. Na ji kunya ko da yake mu biyu ne kawai. Da ƙyar na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta," in ji ta, da ƙarfi, kamar yara goma ne suka amsa.

Wannan ne karo na farko da na juya labarin zuwa Hausa, kuma wani abu ya faru da shi a bakina. A Turanci rabinsa duhu ne, ni kuma duk inda ban gane ba tsoro nake zubawa. A Hausa dole in faɗi abu ko in yarda ban sani ba. Kakata kuma ba ta bar ni na tafi salin-alin ba. Ta tambaya ɗan wane gida ne mai kwale-kwalen. Na ce ba a faɗa ba. Yana da mata? Ba a faɗa ba. Ita budurwar, da ta tashi tafiya ta yi wa uwarta sallama? Na ce ina jin ba ta yi ba, ta ce ta ga alama. Da na zo inda suka dawo gaɓa ya miƙo hannuwa, na ce nan ta tsaya.

"Dakata. Da sunka iso, an ba shi ruwa?"

Na ce a'a.

"Abinci fa? Mutum ya tuƙa jirgi zuwa wata duniya ya dawo, ba wanda ya ce mai sannu da aiki?" Ta tafa hannu a hankali. "To ai ga inda ta ɓaci. Kawo ta nan."

Ta karɓi labarin daga inda na ajiye. Ta ce a gidan akwai wata tsohuwa da kowa ya manta da ita saboda tana madafa. Da ta ji hayaniya ta leƙo, ta ga baƙo a tsaye da hannuwa a miƙe, sai ta ɗauka abinci yake jira, don ita a saninta abin da baƙo yake miƙo hannu ya karɓa ke nan. Ta fito da akushin tuwo da miyar kuɓewa mai zafi ta ɗora masa a hannuwan nan biyu. Shi kuwa tun da aka halicce shi ba wanda ya taɓa ba shi komai, tsoronsa kawai ake ji. Ƙamshi ya buge shi, ya zauna a bakin jirgi, ya sauke mayafinsa, ashe ma tsoho ne mai giɓi. Ya ci, ya suɗe akushi, ya nemi ƙari. Da ya ƙoshi ya tuna abin da ya zo ɗauka, sai kunya ta kama shi, don wanda ya ci gishirin gida ba ya fita da ɗan gidan. Ya shafa kan yarinyar, ya tura jirginsa ya koma. Har da muryarsa kakata ta yi, da yadda yake hura tuwon, sai da na ji dariya ta kufce mini a tsakiyar kuka.

"Ƙurunƙus kan kusu," in ji ta. "Ƙarasa."

Na ce, "Ba don gizo ba da na yi ƙarya."

"Da ma?"

"Da ma ƙarya ce."

Ta sa na maimaita wannan na ƙarshen har sai da ta ji ya fito daga cikina. Sannan ta hure fitila.

Da safe na tarar ta riga ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuɓewa. Ta zuba a kwano, ta ɗaure da ƙyalle, ta miƙo mini ta ce in kai wa mai kwale-kwale, mutum ya haye da jikarta a kan wannan ruwa ba wanda ya ce masa sannu. Na ce ko a aiki wani. Ta ce ba ta ga wani ba.

Na gangara da kwanon. Tururin ya tafi, ana ganin ɗaya gaɓar sarai har da jakin da yake kiwo a can. Yana zaune a bakin kwale-kwalen yana kwarfe ruwa da gwangwani. Ba mayafi a fuskarsa. Dattijo ne siriri, hancinsa ya yi ja, yana ta jan majina, ashe mura ce ta sa shi naɗe fuska, ta kuma dushe masa murya. Na yi sallama, ina jin ko kifi bai ji ta ba, amma ya amsa. Ya wanke hannu a kogi, ya yi bismilla, ya fara ci. Sai da ya yi loma biyu-uku sannan ya ce da ma yanzu yake shirin hawowa gidanmu. Ya haye tun da sassafe, direban boksi ya ba shi saƙon mahaifina: yarinya ta buɗe ido cikin dare, ta nemi fizge robar ruwan da aka sa mata, ta ce a ba ta shayi da madara.

Na zauna a kan laka da kayan jikina. Bai ce mini komai a kan jiya ba. Ya dubi wuyan hannuna kawai, ya ce igiyarsa tana da kaushi, in shafa man riɗi. Da ya miƙo mini kwanon ya ƙara da cewa wanda yake tsoron kogin nan a damina yana da hankali, shi ma kullum da tsoronsa yake shiga.

Bayan 'yan kwanaki shi ya dawo da su. Ƙanwata ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru, tana riƙe da ledar biskit ta ƙi ba kowa. Mahaifina bai taɓa tambayata dalilin riƙe igiyar ba, ina jin kakata ta yi masa nata bayanin.

Na daɗe ina tunanin abin da ya faru da ni. Ban yarda kakata ta ɗauka tuwo ne ya warkar da ƙanwata ba, ita da ta fara ce mini sauro ne. Ta dai ga yarinyar da labari ya shige ta ya rasa ƙofar fita. Tatsuniyarmu tana da ƙofa biyu, ta shiga da ta fita, kuma a ta fitar mai bayarwa yakan faɗa da bakinsa cewa ƙarya ce, kowa ya je ya kwanta. Ɗaliban malamin nan suna da tasu ƙofar: su tattara takardu, su fita su sha iska, su yi musu da juna. Ni kuwa ni kaɗai ce da kunne ɗaya a bakin kogi, ba wanda na faɗa wa ko kalma. Har yau ina da kunya, amma na koyi cewa abin da na ɓoye a ciki ya fi girma a can fiye da in na fito da shi.

Da wata salla ta zagayo kawuna ya kawo mini sauran laccocin, lokacin Turancina ya ɗan yi ƙafa. Na jira har bayan magariba sannan na saurara. A littafin ba wata tsohuwa a madafa. Mai kwale-kwalen ya tafi da yarinyar, ba ta kuma dawo ba, malamin ya yi lacca guda yana bayanin dalilin da ya sa irin waɗannan labarai ba sa ba da komai kyauta. Bayaninsa ya yi kyau, har ɗalibar nan mai tambaya ta yi shiru. Da aka ƙare na ji suna tafi, kujerar hagu ta yi ƙararta ta ƙarshe. Na cire abin kunnen, na leƙa tsakar gida, ga ƙanwata tana faɗa da kakata a kan wa ya shanye ragowar shayi.

Kakata ba ta taɓa tambayata yadda Nasaran ya ƙarasa labarin ba, don a wurinta an riga an rufe shi. Ni ma ban faɗa mata ba. Na dai ce ƙurunƙus kan kusu a hankali, na je na raba su.